Baƙin Mai a Rijiyar Yaya

Ranar Litinin da safe Yaya ta zura guga a rijiyar gidan da take shirin saya, gugan ya fito baƙi ƙirin.

Ina wurin mai shayi na ji ihunta. Kafin in isa mutane sun cika ƙofar gidan, wasu sun ɗare katanga. Mai unguwa ya tsaya a bakin ƙofa ya ware hannuwa, ya hana kowa sauka tsakar gida. Na kutsa ta ƙarƙashin hannunsa. Yaya na tsaye a baranda, gugan na gabanta, hannuwanta sun yi baƙi har gwiwa. Warin baƙin man inji ya cika ko'ina. Da gangan wani ya juye jarka guda a cikin rijiyar.

Yaya tela ce. Shekara huɗu da rasuwar mijinta, tana zaune da 'ya'yanta uku a ɗaki ɗaya a gidan Inna mahaifiyarmu. Wata bakwai ta yi tana bin rancen gidan nan, kuma ƙofa biyu ake bi. Ta farko banki. Sun duba abin da ɗinki ke kawo mata, sun duba ko ta taɓa cin bashi ta ƙi biya, sun turo mai ƙiyasi ya auna gidan, sannan suka ba ta takardar amincewa mai wa'adin kwana sittin. Amma bankin ba ya sakin ko sisi sai ofishin gwamnati mai kula da gidajen karkara ya tsaya mata ya buga nasa hatimin. Su kuma gwamnati dubansu daban ne. Wurin karkara ne da gaske? Samunta bai wuce iyakar da aka sa ba? Ita da kanta za ta zauna a ciki? Rufin ba ya yoyo? Ruwan rijiyar yana shawuwa? Duk ta tsallake, saura ruwan. Ranar Alhamis jami'insu zai zo da kwalba ya ɗiba. Takardar banki kuwa kwana goma sha ɗaya ya rage mata.

An yi yayyafi daren jiya, ƙasa ta yi laushi. Daga baranda zuwa rijiya akwai sawu iri biyu. Ɗaya na silifas ɗin Yaya. Ɗayan na dogayen takalman roba, irin na aikin laka. Takalman da kansu suna jingine a lungun baranda, man ya ɓata su.

Mai unguwa ya dube su, ya dube ni.

"Ba-Zama, takalman nan na wa?"

Haka ake kirana, don tun da na bar makaranta ban taɓa yin wata uku a aiki ɗaya ba.

"Nawa ne, ranka ya daɗe. A nan na bar su tun sati biyu."

"To ai shi ke nan," in ji wani daga kan katanga.

Mai shayi ya share murya. Bai so faɗa ba, na gani a fuskarsa, amma ya faɗa. Ya ce ranar Asabar a kan bencinsa na ce Allah ya sa gwamnatin ta ƙi gidan nan kowa ya huta. Gaskiya ne, na faɗa. Tun can na roƙi Yaya ta ba ni aron kuɗin da ta tara na kafin alƙalami in sayi babur in riƙa haya, ta hana ta biya wa gidan, na yi fushi na saki bakina.

Sai na ga mutane sun ɗan ja baya daga inda nake. Na nemi idon Yaya, ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta.

*

Mai unguwa ya aika aka kira Baba Mai Sawu. Shi ake nema in an kore shanu ko an fasa shago. Siririn tsoho ne mai doguwar sanda, kuma ba ya kallon fuskar mutum in yana magana da shi, ƙafa yake kallo. Tun ina yaro nake tsoronsa.

Ya cire takalmansa ya bi ta jikin bango. Ya tsuguna ya daɗe. Ya gwada sandarsa tsakanin sawu da sawu, yana sa alama da farce. Kwaɗon ƙofa ba a fasa ba. Daga ƙofa zuwa baranda siminti ne, ba abin da ya kama. Mai laifin ya shigo da nasa takalmin, ya sauya a baranda, ya gama ya mayar.

A tsakiyar tsakar gidan Baba ya tsaya. Akwai wani zirin ƙasa ja da ya ratsa daga bango zuwa bango, faɗinsa bai kai taku ɗaya ba.

"Samari, me ke nan wurin da?"

"Kwata ce, Baba. Mai ƙiyasin banki ya ce gwamnati ba za ta yarda ruwan datti ya bi kusa da rijiya ba. Ni na cike ta na haƙa sabuwa ta bayan gida. Baro arba'in na zuba."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai. Kwana huɗu."

Baba ya sa aka kawo kwanuka da robobi ya kife a kan sawun ɗaya bayan ɗaya.

Wajen azahar Kawu Direba ya iso daga birni. Shi ne mai gidan, wan Inna ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara talatin ya zauna a ciki kafin ya ajiye tuƙi ya koma wurin ɗansa, shekara uku ke nan. Ya tsaya a ƙofa ya shaƙi warin, ya dafe kai.

"Rijiyar da na haƙa da hannuna! Wane marar tsoron Allah ne wannan?"

Aka nuna masa ni da ido. Ya girgiza kai a hankali, ya ce, "Haba Auta. Haba ɗana."

Mai unguwa ya yanke magana. Ya ba Baba zuwa la'asar ta ranar Laraba. In ba a sami wani ba, zai kira 'yan sanda ya miƙa ni kafin jami'in gwamnati ya zo, don kada a ce garin ya ɓoye mai laifi.

"Yaron zai zauna a gefena," in ji Baba. Ya dubi ƙafafuna. "In ka gudu, samari, zan same ka. Kada ka wahalar da mu."

*

Da Bakanike muka fara. Rumfarsa na manne da katangar gidan ta baya. Lokacin da aka zo awon fili an gano ta shiga filin gidan da taku biyu, aka sa ya ja ta baya, ya yi wata guda yana zage-zage.

Muka same shi a ƙarƙashin wata tsohuwar mota. Ya fito yana goge hannu.

"Na san za ku zo. Man nawa ne, ban musa ba. Jarka biyu nake ajiyewa a bayan rumfa, masu katako ke saya su shafa saboda gara. Yau da safe ɗaya na gani."

"Wa ya san inda kake ajiyewa?"

"Wa bai sani ba, Baba? Shekara ashirin a nan nake juye mai. Motar Direba ma a nan ta tsufa. Wannan ɗan naka kuwa," ya nuna ni da sifana, "wata biyu ya yi min yaron shago, abin da ya koya kawai inda nake ɓoye kuɗin abinci."

"An ce ka ji haushin awon fili."

"Na ji, har yanzu ina ji. Amma ni ma daga rijiyar nan nake sha, ta kan katanga nake miƙa bokiti. Kuma dube ni." Ya yi taku uku a gabanmu. Tun haɗarin da ya yi ƙafarsa ta hagu ja take. "Da ƙafa ɗaya da rabi zan rungumi jarka in sa takalmin wannan ƙaton? Ai da sawuna ya kai ka har gadona."

Baba ya kalli layin da ƙafar ta ja a ƙasa, ya gyaɗa kai. Muka tafi. Mutum ɗaya ya fita, saura ni.

*

Ranar Talata muka hau mota zuwa banki. Jami'ar da ke riƙe da takardun Yaya mace ce mai tabarau, ta ba Baba kujera, ni ta bar ni a tsaye.

"'Yata, ni ban yi boko ba," in ji Baba. "Ki yi min a hankali. Ku kun yarda. Me ya sa ba ku biya ba?"

"Baba, mu mun yarda da mai karɓar rancen. Gwamnati ce za ta yarda da gidan. Rance ne ga masu ƙaramin ƙarfi, ba a neman jingina mai yawa, saboda gwamnati ta ɗauki alkawarin in an kasa biya za ta rage mana asara. To ba za ta tsaya wa gidan da ba ta gani da idonta ba. Sai hatiminsu ya zo mu biya mai gida."

"In jami'in ya zo ya ga ruwan nan?"

"Zai rubuta bai cancanta ba. Kafin a sake samun ranarsa sai a yi wata guda ko fiye. Takardarmu ta mutu kafin nan, sai a faro daga farko."

"To in ciniki ya lalace, wa ya ci, wa ya faɗi?"

Ta buɗe takardar yarjejeniya ta bi da yatsa. "In mai saye ta fasa, kafin alƙalaminta ya tafi. In mai sayarwa ya fasa, zai mayar mata ninki biyu. In kuwa gwamnati ce ta ƙi gidan, ba laifin kowa. A mayar mata da kuɗinta yadda ta ba da, kowa ya kama gabansa."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Labari ya riga mu zuwa. Kuɗin zai dawo hannun Yaya, kuɗin babur.

Baba ya sa ta maimaita masa sau biyu. Sannan ya yi godiya ya ɗauki sandarsa.

A tashar mota muka sami Dillali, wanda ya haɗa cinikin. Gajere ne mai tumbi, kuma shi ne mutum na biyu mai riƙe da makullin gidan bayan Yaya.

"Baba, ni fa la'adata sai ranar da banki ya biya. In ɓata rijiya in ɓata abincina?"

"Masu kaya a tashar nan sun ce an ga wani yana auna katangar gidan da igiya. Kai kana riƙe masa ɗaya bakin."

Dillali ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. "Wani mai sayen hatsi ne. Yana neman wuri a bakin hanya ya rushe ya gina rumbun ajiya. Kuɗi hannu, har da ƙari. Na ce masa an riga shi."

"Mai rumbu ba ya buƙatar rijiya."

"Ni dai na ce masa an riga shi."

"Wa ka gaya wa maganar?"

"Ba kowa. Wallahi ba kowa, Baba."

Muna barin wurin na kama hannun rigar Baba. "Shi ne! Ba ka ga yadda yake rawar ƙafa ba? Yana da makulli, yana da mai saye!"

"Ƙarya yake yi, na gani," in ji Baba. "Amma ƙaryarsa daban, sawun nan daban. Wanda ya sa takalmanka takunsa ya fi na wannan gajeren da tafin hannu guda. Tsayinku ɗaya da mai sawun, samari."

Na saki hannun rigarsa, muka hau motar gida.

*

Da yamma na shiga gidan Inna, Baba ya zauna a ƙofa yana jirana. Inna na kwance ta juya wa ɗaki baya, tun jiya ba ta ci komai ba. Yaya na zaune a gaban keken ɗinki, ƙafarta a kan feda, amma keken ba ya motsi. Kawu na kan tabarma yana ba ta baki.

"'Yata, ki kwantar da hankalinki. In gwamnati ta ƙi, kuɗinki na nan, cif zan mayar miki. Abin da ya dame ni yaron nan ne. Kada a kai shi gaba. Ƙuruciya ce. Ya amsa a gaban mai unguwa, ya ba da haƙuri, ni zan roƙa a rufe maganar a gida."

Har na ji daɗi a raina, na ce ga mai tausayina. Sai da ya fita na gane abin da ake so in amsa.

Yaya ta kira ni ba tare da ta juyo ba.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ni na goya ka. In kai ne, ka gaya min ni kaɗai. Ba zan faɗa wa kowa ba. Ina so kawai in sani."

Duk garin ya ce ni ne, na jure. Amma wannan ban san inda zan sa shi ba. Na ce, "Wallahi Yaya ba ni ba ne," kuma ni kaina na ji muryata kamar ta maƙaryaci.

Ta ce, "To." Ta danna feda, keken ya yi ƙara ba ƙyalle a ƙarƙashin allura.

Na fito na tarar da hanya a buɗe. Motar ƙarshe na shirin tashi daga tasha, ina jin yaron mota na kiran fasinja. Ƙafafuna sun san gudu, shi suka fi iyawa. Baba bai ko ɗago ba, yana zane a ƙasa da sanda.

"Wanda ya gudu ya sa hannu," ya ce. "Gobe da safe ka kawo tsintsiya."

*

Ranar Laraba ya sa na share gefe ɗaya na tsakar gidan, na yayyafa ruwa, na lailaye ƙasar da katako tun daga baranda har rijiya. Ɗaya gefen, inda kwanuka ke kife, ba a taɓa ba. Aka jera jarkoki huɗu cike da ruwa a baranda.

Bayan azahar mai unguwa ya zo, da Yaya, da Kawu, da Bakanike, da Dillali. Mutane sun sake cika katanga. Mai unguwa ya riga ya buga wa 'yan sanda waya don su iso da la'asar, sun ce suna hanya.

"Sawun ya nuna mai laifin rungumar jarka ya yi a ƙirji," in ji Baba. "Kowa zai runguma haka ya kai bakin rijiya. Ɗaya bayan ɗaya, kowa da layinsa."

Bakanike ya fara, yana tafe yana mita, ƙafarsa na ja. Dillali ya bi, yana nishi, sau biyu yana tsayawa, har aka yi masa dariya daga katanga. Sai ni. Jarkar ta rufe min ganin ƙasa. Na kai na ajiye.

Baba ya gwada sandarsa a layina. Alamar farcen ta faɗa daidai. Na ji wani ya ce, "Ai dama." Yaya ta rufe fuska da mayafi.

Saura jarka ɗaya. Baba ya dafa ƙugunsa.

"Direba, taimaka min da wannan, bayana ya ƙi. Ina so in nuna wa mutane yadda takun wanda ba ruwansa yake, su gwada."

"Ai ba komai," in ji Kawu. Ya naɗe hannun riga ya rungumi jarkar. Har yanzu da ƙarfinsa. Ya sauka daga baranda yana tafiya a natse, yana ma yi wa mai unguwa magana a kan tsadar siminti. Da ya kai tsakiya, ba tare da ya yi shiru ba, sai ya ɗan karkata ya miƙa ƙafar dama ya yi wani dogon taku, ya ci gaba. Ya ajiye jarkar ya karkaɗe hannu.

Baba ya ce kowa ya tsaya inda yake.

Ya bi zirin jar ƙasar nan da sandarsa. "Ga Bakanike, ya taka. Ga Dillali, ya taka. Ga yaron, ya taka da ƙafa biyu ma, shi ya cike ta, ƙafarsa ta san ƙasa ce." Ya matsa. "Ga layi na huɗu. Ba komai."

Sannan ya koma ɗaya gefen ya ɗaga kwanukan. Sawun silifas ɗin Yaya na kan jar ƙasar ɓaro-ɓaro. Sawun takalman roba kuwa ya zo bakin zirin ya tsaya, ya sake bayyana a ɗaya hayin. Zuwa haka, dawowa haka. Baba ya ɗora sandar a wannan dogon takun, ya ɗauke ya ɗora a na Kawu. Ba bambancin ko yatsa.

"Mutumin nan ya tsallake kwatar da babu ita," in ji Baba. "Wanda bai san gidan ba ba zai tsallaka ba. Wanda ya cike ta ba zai tsallaka ba. Sai wanda ya shekara talatin yana tsallakawa safe da yamma. An gaya wa kunnenka an cike ta, Direba. Ba a gaya wa ƙafarka ba."

Idanu duk suka koma kan Kawu.

"Gidana ne!" in ji Kawu. "Don na saba da gidana sai ya zama laifi?"

"Shi na ce. Ka saba." Baba ya juya, karo na farko na ga ya dubi fuskar mutum. "Dillali, 'yan sanda na hanya, kuma ba su damu da ko mutum ɗaya za su ɗauka ko biyu ba. Wa ka gaya wa maganar mai hatsi?"

Dillali ya zauna a kan jarka kamar an zare masa ƙashi. "Ranar Juma'a na haɗa shi da Direba a birni. Direba ya ce in ya fasa da kansa ninki biyu zai biya, amma akwai wata hanya. Wallahi ban san hanyar ke nan ba. Kuma makulli uku ne, biyu ya ba da."

Kawu ya dubi ƙofa, ta cika da mutane. Ya dubi Yaya. Sai muryarsa ta fashe.

"Wata bakwai! Wata bakwai ina jiran takarda. Yau banki, gobe gwamnati, jibi a gyara kwata. Mutum ya zo da kuɗi a jaka. Ke kuɗinki zai dawo, ba ki yi asarar komai ba!"

"Auta fa, Kawu?" in ji Yaya. A hankali ta faɗa. "Takalmansa ka sa."

"Su na gani a wurin. Na ce ai zan roƙa a rufe..."

Bai ƙarasa ba. Daga bakin hanya aka ji tsayuwar mota da bugun ƙofa. Na zauna a ƙasan da na share da hannuna. Mota ɗaya ce, kuma da ba don taku ɗaya ba ni za ta ɗauka.

*

Kwana biyu Kawu ya yi a hannunsu. Inna ta tashi daga kwance ta je ta roƙa, wanta ne. Aka sake shi bayan ya sa hannu a gaban mai unguwa cewa ciniki na nan yadda yake, kuma shi zai biya gyaran rijiya. Ya miƙa makulli na uku. Tun daga ranar bai sake takowa garin ba, Inna kuma ba ta sake kiran sunansa ba.

Jami'in gwamnati ya zo ranar Alhamis da jakarsa. Mai unguwa ya kwashe labari ya ba shi. Ya saurara har ƙarshe.

"Allah ya kyauta," ya ce. "Amma ni ba labari nake rubutawa ba, abin da ke cikin kwalba nake rubutawa." Ya leƙa rijiyar ya toshe hanci. Ya daɗe yana jujjuya biro. "Ba zan ɗiba yau ba. Zan rubuta ana gyara. Ina da aiki a gefen nan nan da kwana tara, zan biyo. In ruwan bai yi ba ranar, ba abin da zan iya."

Jami'ar banki ta ƙara wa takarda sati biyu da ta ga wasiƙar mai unguwa. Wannan karon ta ba ni kujera.

Aka kawo inji ya zuƙe ruwan, amma man ya kama bango da yashin ƙasa, sai mutum ya shiga. Masu haƙar rijiya biyu suka zo, na ce ni ne na uku. Suka ɗaura min igiya a ƙugu. Can ƙasa ba iska, warin na shiga har cikin kai, in ka ɗaga ido sama ba ta fi faranti ba. Kullum in ana zura ni sai na ji kamar igiyar za ta tsinke. Kwana bakwai muna kankarewa, muna kwashe yashi, ruwa ya taru a zuƙe, a sake. Ban taɓa yin aiki irin wannan ban gudu ba.

Jami'in ya dawo ya cika kwalbarsa, ya liƙa mata takarda, ya tafi. Muka zauna jira. Kwana ɗaya, uku, biyar. Yaya ta daina cin abinci, duk motar da ta tsaya sai ta miƙe.

Saura kwana biyu wa'adin banki ya cika aka kawo ambulan. Yaya ta riƙe ta kasa buɗewa. Ga 'yarta da ke makaranta a tsaye, ta fi ni iya karatu nesa ba kusa ba, amma ni ta miƙa wa.

"Karanta min, Auta."

Na bi da yatsa, kalma kalma, ina tuntuɓe. Sai da na kai layi na huɗu na ga an amince, ga hatimin a ƙasa. Na maimaita layin sau uku don ban yarda da idona ba.

Ba ta taɓa ce min in yi haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ranar da suka tare na zo da baro ɗauke da keken ɗinkinta, na tarar da takalmana a lungun baranda. An wanke su da sabulu har cikin zanen tafin, an cusa musu tsumma don kada su lanƙwashe. Kusa da su makulli na uku ne, a ɗaure da zaren ɗinki.

"Ɗebo mana ruwa," in ji Yaya daga ɗaki.

Na zura guga na jawo. Ruwan garau, ina ganin gindin gugan. Na duba ba mai kallona, na sunkuya na shinshina. Da na ɗago sai na ga Yaya a bakin ƙofa, ta tsaya cak da kofi a hannu, tana jira ta ga fuskata kafin ta ba yara.